Daga Paddington zuwa Penzance cikin Cornish Riviera

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Ga ni a tashar Paddington a Landan, wannan jirgin ƙasa da kuke gani a bayana shi ne Cornish Riviera. Penzance za mu, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila inda layin dogo ya ƙare. Mil 305 ne, wajen awa biyar.

Kamfanin Great Western Railway ne ya fara shi ran 1 ga Yulin 1904, don jan masu hutu zuwa gaɓar tekun Cornwall. A lokacin mil 245 yake shafewa daga Landan zuwa Plymouth bai tsaya ba. To ruwan injin fa, tunda injin tururi ne a lokacin? Tsakanin ƙarafan dogo aka shimfiɗa doguwar kwatarniya, jirgi na gudu yana kwasa.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda mutanen Taunton da Exeter suke sauka a da, bayan an buɗe gajeriyar hanya ta Westbury a 1906. A taragun baya ake zuba su, da ma'aikaci guda mai riƙe da birki. In an doshi tasha sai ya ɓalle taragon, jirgi ya yi gaba abinsa, shi kuma ya lallaɓa da birki har ya tsaya daidai inda fasinja za su sauka. Wallahi tun jiya nake tunanin nutsuwar mutumin nan.

Yauwa, ku duba hagu! Dawlish ke nan. Teku a ƙasan taga, in ta yi fushi har gilashi take watsa ruwa. A Fabrairun 2014 guguwa ta cinye bangon nan, ƙarafan dogo suka rataye a iska, sai a Afrilu aka sake buɗe hanya. Wanda zai zo, ya nemi kujerar hagu, kada ya ce ban faɗa ba.

Yanzu muna hawa gadar Royal Albert a kan kogin Tamar, aikin injiniya Brunel na 1859. A da, manyan injinan tururi masu suna King da ke jan jirgin sun yi wa hanyar Cornwall nauyi, shi ya sa a lokacin ake sauya inji a Plymouth. Muna tsallakawa mun shiga Cornwall.

Kun hango tsibirin can mai fada a kansa? St Michael's Mount ke nan. Saura 'yan mintuna, bari in sauko da jakata.