Sumuni Ɗaya a Rana: Lacca ga Matasa 'Yan Kasuwa da Ɗalibai

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Bari mu fara da lissafi, tunda na ga 'yan kasuwa sun fi yawa a nan. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, ke nan sumuni 480. Almajirin da ke rubuta sumuni ɗaya a allo kullum, ya biya wa malam, ya wanke, zai kai ƙarshe cikin shekara ɗaya da wata huɗu. In an cire Alhamis da Juma'a da ake hutu, bai cika shekara biyu ba. Tsangaya ta daɗe da gane abin da yake ba mu wahala. Ba a ɗora wa yaro izu guda a ce ya haɗiye, kuma ba a ce masa "in ka samu sarari ka yi karatu." Lokacin a yanke yake: bayan asuba, da hantsi, da dare a gindin wuta.

Kun san hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, a Bukhari da Muslim: aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Muna jin sa a wa'azi, amma da an shiga kasuwa sai mu bar shi a masallaci.

Akwai maganar da ke yawo wai kwana 21 ya isa abu ya zama jiki. Kada ku dogara da ita. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ta bibiyi mutum 96 ita da abokan aikinta, sakamakon ya fito a 2009. Matsakaicin lokacin kwana 66 ne. Wani kwana 18 ya ishe shi, wani lissafinsa ya kai 254. Abin da ya fi burge ni a ciki: tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. To kai da ka fasa ran Talata, me ya sa za ka jira sabuwar shekara? Laraba tana nan.

Mu kuma an riga an yanka mana yini gida biyar, sai dai mu rataya sabon abu a jikin salla. Kai mai shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari, bayan isha'i, kafin ka taɓa waya, buɗe littafin ciniki: me ya shigo, me ya fita, wa ya karɓi kaya bashi. Minti biyar. Sau nawa mutum yake cin uwar kuɗi yana zaton riba ce? Ba sata aka yi masa ba, rubutu ne bai yi ba. Na san wani zai ce ai duk yana kansa. Alhaji, kan nan ne ya manta inda ka ajiye makullin babur da safe! (dariya)

Ke ɗaliba, shafi biyu bayan asuba, kafin gida ya tashi. Kai tela, sabon ɗinki ɗaya a ƙyallen da za a zubar, bayan azahar.

Sai dai ku ɗauki abu ɗaya tak, kuma ku rage shi har ya zama ko ranar da kuke fama da zazzaɓi za ku iya. Iyayenmu mata masu adashe sun san wannan: ba a yanka zubin da sai an ci bashi kafin a biya. Ku kuma sami wanda zai riƙa tambayar ku, kamar yadda uwar adashe take aiko yarinya in an makara.

An miƙo mini takarda cewa la'asar ta gabato. Mu ɗauki tambaya biyu, ɗaya daga ɓangaren mata.