Darasi: Yadda Ake Daje Bakin Bargon Ƙyallaye, Kusurwa Ta Fita Tas

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau dai ga mu mun zo ƙarshen bargon nan da muka ɗauki makonni muna haɗawa. Wadda ta biyo mu daga farko ta ga yadda muka jera ƙyallayen atamfa, muka shimfiɗa auduga a tsakiya, muka sa yadin baya, muka bi duka ukun da ɗinki. Turawa kwilt suke ce masa, mu kuwa a shagon nan bargon ƙyallaye muke cewa. Abin da ya rage shi ne bakinsa, kun gan shi nan duk a buɗe, auduga na leƙowa. Shi za mu daje yau.

Bari in faɗa muku tun yanzu, miƙaƙƙen gefe ba ya ba kowa wahala. Duk wadda ta iya taka keke za ta bi shi. Kusurwa ce ke tona asirin tela. Idan mai saye ta ɗauki bargo, ba tsakiya take fara dubawa ba, kusurwar take kamawa ta juya ta gaba da baya. Kuma kusurwar nan, duk sirrinta wuri ɗaya yake, wato inda kika tsayar da allura. Za mu zo wurin.

Ƙanwata, matso da kyamarar kan teburin. Yauwa.

Da farko a daidaita bakin. Ki shimfiɗa bargon, ki ɗora rula, ki yanke duk audugar da yadin bayan da suka zarce saman. Ki tabbata kowace kusurwa ta tsaya cak kamar ta littafi. Ni kwalin kalanda nake ɗorawa in gwada. Idan kusurwar bargon kanta a karkace take, ko wane irin ninki kika yi ba zai gyara ta ba. Bayan na yanke, nakan bi bakin gaba ɗaya da ɗinki ɗaya dab da gefe, don ukun nan su riƙe juna kada su dinga zamewa.

Sai lissafin tsirin yadin da za mu daje bakin da shi. Wannan na jariri ne, faɗinsa inci 36, tsawonsa inci 48. Ki haɗa gefe huɗu, 36 sau biyu da 48 sau biyu, ya ba mu 168. Ki ƙara inci 12 na kusurwoyi da na haɗa baki, ya zama 180. Atamfa faɗinta yakan kai inci 45 ko kusa da haka, amma idan kika cire bakin masaƙa da abin da haɗi zai ci, ki ƙaddara 42 za ki samu a kowane tsiri. Tsiri huɗu ba za su kai ba, sai biyar. Kowanne faɗinsa inci biyu da rabi, biyar ɗin sun ci inci 12 da rabi kenan, ko rabin yadi bai kai ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram masu awo da santimita, inci biyu da rabi ya ɗan haura santimita 6, rubu'in inci kuma milimita 6 ne. Ku riƙe wannan na biyun da kyau, za ku ji ina ta maimaita shi.

Wata ta tambaye ni ko za ta iya sa bayas ɗin kasuwa, wannan na ƙulli da ake sa wa wuyan riga. Za ki iya, amma ni ba na so. Siriri ne, kuma falle ɗaya ne yake rufe bakin. Bakin bargo kuwa shi ke fara cinyewa, shi ake ja, shi ke gogar ƙasa, shi yaro ke cusawa a baki. Wanda muke yankawa da kanmu ninki biyu ne, ko na sama ya ƙoƙe akwai na ƙasa. Sannan ba sai kin yanka shi a karkace ba tunda bargon nan gefensa miƙaƙƙe ne. Yankan karkace na bargo mai zagayayyen baki ne, don shi ke miƙewa ya bi lanƙwasa. Kuma don Allah ku wanke yadin kafin ku yanka. Auduga tana tsukewa a wankin farko, wata atamfar kuma tana zuba. Na taɓa sa jan baki a farin bargo ban wanke ba, wanki ɗaya ya koma ruwan hoda, sai da na biya kuɗin mutane.

Yanzu haɗa tsirin. Kada ki haɗa su baki da baki a miƙe, zai yi miki tudu a wuri ɗaya. Kalli nan. Na kwantar da wannan fuskarsa sama. Na ɗora na biyu a kansa fuska na kallon fuska, ya gitta shi kamar harafin L. Wannan murabba'in da suka haɗu, zan ja masa layi da alli daga wannan kusurwa zuwa waccan, in ɗinka a kan layin. Kafin ki sa almakashi, buɗe ki gani ko ya miƙe ya zama tsiri ɗaya. Ya miƙe? To yanke rarar, ki bar rubu'in inci, ki buɗe ɗinkin ki goge. Haka za ki yi har biyar ɗin su zama igiya ɗaya. Sai ki ninka ta biyu a tsawonta, fuska a waje, ki bi ta da dutsen guga. Yanzu tana da baki biyu, ɗaya ninkakke, ɗaya yankakke.

Mu koma kan keke. Allurata mai lamba 14 ce, idan bargonki mai kauri ne sa 16. Ki ɗan ƙara tsawon taku, kada ɗinkin ya yi ƙanana sosai. Ki duba zaren ƙasa ma, ba abin haushi kamar ya ƙare miki a kusurwa.

Bargo fuskarsa sama. Ki ɗora tsirin, yankakken bakinsa daidai da bakin bargo, ninkakken yana kallon ciki. Kada ki fara daga kusurwa, fara daga tsakiyar gefe. Kuma ki bar jela kamar inci 10 tana reto ba ki ɗinka ba, za mu neme ta a ƙarshe. Wani abu da nake yi kafin in taka: nakan zagaya bargon da tsirin haka nan da hannu, in ga ko wani haɗi zai faɗo a kan kusurwa. Idan zai faɗo, sai in gusa mafarin gaba kaɗan. Haɗi a kusurwa ba ya ninkuwa, kauri ya yi yawa.

Bismillah. Ina ɗinki rubu'in inci daga baki. Ba na jan tsirin, ina dai ɗora shi ne yana bi. Idan kika ja shi, bargon zai tattare, ya ƙi kwanciya a gado.

To, ga mu mun doso kusurwa. Ƙanwata, sauko da ita nan dab da allura, nan ne darasin yake.

Kun ga wannan ɗigon allin? Na auna rubu'in inci daga ƙarshen bargon na sa shi. A nan zan tsaya. Me ya sa rubu'in inci? Domin shi ne faɗin ɗinkin da nake yi. Da rabin inci nake ɗinkawa, da rabin inci zan tsaya. Abin da kika bari a gefe, shi za ki bari a ƙarshe, ka'idar kenan. Idan na kusa, nakan cire ƙafa daga kan keke in juya da hannu, taku ɗaya ɗaya, har allura ta sauka a kan ɗigon. Ga ta nan. Sai in koma baya taku biyu ko uku in ɗaure, in yanke zare, in fitar da bargon gaba ɗaya.

Na juya shi. Gefen da na gama ɗinkawa yanzu yana sama, sabon gefen yana hannun damana. Ninki biyu za mu yi, ku zuba ido.

Na farko: na ɗaga tsirin sama, ya bar kan bargon. Ku duba yadda yankakken bakinsa ya yi layi ɗaya da sabon gefen da zan ɗinka, a miƙe sak kamar an ja zare. Shi kuma ninkin ya yi karkace, ya raba kusurwar gida biyu daidai. Ki danne shi da farce.

Na biyu: yatsana yana kan karkacen nan kada ya motsa, sai na dawo da tsirin ƙasa, ya kwanta a kan sabon gefen. Wannan sabon ninkin na sama dole ya zauna daidai da bakin bargo na sama. Kada ya leƙa, kada ya gaza. Ki taɓa da yatsa, ki ji sun yi daidai. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan kunne mai kusurwa uku a ɓoye, kun gan shi? Wannan kunnen shi ne yadin da zai zagaya ya rufe kusurwar idan muka juya. Ki sa fil ki kama shi, sai ki fara ɗinki tun daga can saman, rubu'in inci daga gefe, ki ɗaure, ki ci gaba.

Bari in nuna muku waɗanda suka lalace, na ajiye su musamman. Wannan, allurar ta wuce ɗigon, ta cinye kunnen. Ga shi kusurwar ta shaƙe, ta dunƙule, duk yadda ka ja ta ba ta fita. Wannan kuma tun kafin ɗigon aka tsaya, shi ya sa kuke ganin rami, har ɗan yatsa yana shiga. Wannan na ukun a ninki na biyu aka yi kuskure, ya leƙa sama da bakin, sai kusurwar ta yi tsini kamar kunnen zomo. Idan kuma ya gaza, yadin ba zai isa ya rufe ba, kusurwar ta zagaye. Duk kuskuren nan ba su kai faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba. Lokacin da nake koyo, matar da ta koya mini sau huɗu ta sa na farke kusurwa ɗaya da reza. Ina hawaye ina farkewa. Ita kuwa ko kallona ba ta yi, cewa kawai take, auna, kada ki yi kirdado. Har yau, da duk shekarun nan, sai na sa ɗigon.

Sauran ukun haka za ki yi musu, ba wani sabon abu. Bari mu tsallake.

Mun zagayo. Na tsaya kamar inci 12 kafin inda na fara, ga jela biyu. Ki kwantar da ta farko a kan bakin, ki ɗora ta biyu a kanta. Su hau juna da inci biyu da rabi, wato faɗin tsirin, ki yanke rarar. Ba sai kin nemi tef ba, guntun tsirin da kika yanke ki buɗe shi ki auna da shi. Sai ki buɗe jelar biyu, fuska da fuska, a gicciye, irin haɗin da muka yi ɗazu. Wurin yana da matsi, don haka ki tattaro bargon ki kama shi da fil ya sakar miki. Ki ɗinka, ki gwada ya kwanta kuma bai murɗe ba, sannan ki yanke. Wadda ta yanke kafin ta gwada, sai dai ta yi ƙari. Ki ninke, ki ƙarasa ɗinkin. Yanzu ba mai gane inda muka fara.

Sai juyawa. Ki goge tsirin ya kalli waje, ki lanƙwaso shi baya, ninkakken bakin ya rufe layin ɗinkin da ke bayan. Ku kalli kusurwar ta gaba, ko taɓa ta ban yi ba, ga karkacen ya fito da kansa. Ta baya ce za ki ninka da hannu. Ki kwantar da gefe ɗaya har ƙarshe, ya yi karkace, sai ki rufo ɗayan a kansa su haɗu. Ki leƙa gaba ki ga inda kaurin ninkin ya kwanta, na baya ki kwantar da shi ɗaya ɓangaren. Idan duka biyun suka taru a gefe ɗaya, kusurwar za ta yi ƙullutu, allura ma tana iya karyewa a kai.

Rufewa kuma iri biyu ce. Idan na kayan ɗakin amarya ne, da hannu nake bi. Zare falle ɗaya mai launin bakin, in ɗan tsinci yadin baya, in tsinci ninkin tsirin, taku kusa da kusa, kada allurar ta ɓullo ta gaba. A kowace kusurwa in sa taku uku ko huɗu in rufe bakin karkacen, gaba da baya. Yana cin lokaci, babban bargo yakan ɗauke ni dare biyu ko uku, amma zare ba ya nunawa. Na jariri irin wannan kuwa, da za a dinga wankewa kusan kullum, keke nake sa masa. Ki kama bayan da fil, ki juyo gaba, ki ɗinka a cikin kwarin nan inda tsiri ya haɗu da bargo. Zaren zai ɓuya a gaba, a baya kuma ya kama bakin tsirin, tunda na bayan ya fi na gaban faɗi. Kina tafiya kina leƙa ƙasa, ko akwai inda ya kuɓuce. Idan kin iso kusurwa, bar allurar a ciki, ɗaga ƙafar keken, juya bargon, sauke, ci gaba.

Ga shi nan na gama wannan gefen. Ƙanwata, nuna musu gaban. Juya bayan. Wadda ba ta taɓa yi ba, kada ta fara a kan bargonta. Ki sami ƙyalle biyu kamar faɗin tafin hannu biyu, ki sa auduga a tsakiya, ki daje shi, kusurwa huɗu kenan kin gwada, kuma kin sami abin sauke tukunya. Bari in ƙarasa sauran ukun kafin a ɗauke wuta. Sai mun haɗu a darasi na gaba, wassalamu alaikum.