Kafin Sunanka Ya Fito A Samaru

Assalamu alaikum, ƙannena. Wannan bidiyon naku ne, ku da kuka rubuta JAMB kuna jiran gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, da ku da ke karatun IJMB ko sharar fage a Funtua.

A sakandare malami ne ke rubutu a allo, ku kwafa, ku haddace, ranar jarrabawa ku mayar masa da kayansa. Da haka da yawanmu muka tsallake WAEC da NECO. A harabar jami'ar da ke Samaru ko Kongo a Zariya kuwa, malami zai shigo ɗakin lacca maƙil da ɗalibai, ya yi bayani na awa biyu, ya ambaci littattafai biyu ko uku, ya tattara takardunsa ya fita. Daga nan sauran aikin yana wuyanka.

A zangona na farko an ba mu tambaya da ta fara da kalmar "discuss". Na zuba duk abin da na haddace daga handawut, shafi uku cur, na fito ina murna. Da takardar ta dawo, sai ga jan biro a ƙasa: ina naka bayanin? Ranar ko abincin dare ban iya ci ba. Ashe kalmar tana nufin ka kawo maganar wannan, ka kawo ta wancan, ka auna su, sannan ka faɗi inda ka tsaya da dalilinka. Shi ya sa nake roƙonku, kafin ku ɗora biro, ku ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ba da umarni a cikin tambaya.

To, yaya ake karanta littafin jami'a? Ba a fara shi daga bango zuwa bango kamar labari. Duba jerin abubuwan da ke ciki, zaɓi babin da ya shafe ka, karanta kanun batutuwa da sakin layi na farko da na ƙarshe. Sai ka koma ka bi shi a tsanake, kana tambaya: me marubucin nan yake son in yarda da shi, kuma wace hujja ya kawo? In ka gama, rufe littafin, ka rubuta abin da ka gane a layi biyar da kalmominka. Ga gwajin da na fi yarda da shi: kira ƙanwarka, ka yi mata bayanin da Hausa. Duk inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba, koma can.

Sai batun ambaton madogara, wanda ke tsorata sababbin ɗalibai. Mu 'yan Zazzau bai kamata ya zame mana baƙo ba. Wanda ya taɓa zama a zauren malam a cikin birni ya san ba a kawo magana sai an ce wane ne ya faɗa, a wane littafi, a wane babi. Masana hadisi ma da isnadi suke tantance ruwaya. Abin da jami'a ke nema ke nan: sunan marubuci, shekarar bugu, da shafi. Rubuta su tun lokacin da littafin ke hannunka a Laburaren Kashim Ibrahim, domin neman shafi bayan wata guda wahala ce. Kwaso rubutu daga intanet ka liƙa sunanka kuwa satar fasaha ce, kuma tana iya jawo hukunci mai tsanani.

Kada ka ce sai an shiga. Makin shekarar farko yana cikin lissafin digirinka har ƙarshe: 70 cikin 100 ne ke ba da A, kuma sai da matsakaicin maki 4.50 cikin 5 ake samun digiri mai daraja ta ɗaya.

Watannin jiran nan su ne damarka. Kullum ɗauki sharhi ɗaya a jarida, ta Hausa ko ta Turanci, ka taƙaita shi a rabin shafi, ka ƙara layi biyu na ra'ayinka. Ka tanadi ƙaramin littafi na sababbin kalmomi, kowace kalma da jimlar da ka tsince ta a ciki. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka kai abin da ka rubuta wa wani yayanka da ya riga ka shiga jami'a, ka ce ya duba maka da jan biro, kada ya ji nauyinka.