Muhawarar Masu Kallo a Kano Kan Shirye-shiryen Daba da Laifi

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a birnin Kano bayan sallar isha'i, ko ya shiga A Daidaita Sahu daga Ƙofar Nassarawa zuwa Sabon Gari, da wuya ya tashi bai ji ana musu a kan fitowar makon nan ta wani shiri mai dogon zango ba. A 'yan shekarun nan musun ya fi zafi a kan shirye-shiryen da suke nuna faɗan daba, da ƙwacen waya, da shaye-shaye, da maguɗin 'yan siyasa, domin wasu suna ganin waɗannan shirye-shirye madubi ne da al'umma take duba fuskarta a ciki, wasu kuma suna ganin makaranta ce da ake koya wa yara ɓarna a cikinta kyauta. A yau za mu saurari kowane ɓangare, sannan mu duba inda saɓanin yake a zahiri.

Kafin nan, ya kamata mu tuna yadda aka zo nan. A zamanin kaset da faifan CD, lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai take cike da dillalan fina-finai, labari yakan ƙare a kashi biyu ko uku, iyali su kalle shi a dare ɗaya, mugu ya ga sakayyarsa kafin a kashe talabijin. Satar fasaha da tura fina-finai a waya suka durƙusar da waccan kasuwa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da jiran mako-mako ta hanyar Daɗin Kowa, sannan a 2019 ta kawo Kwana Casa'in, wanda ya shiga harkar siyasa da cin hanci kai tsaye. Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 saboda cutar korona, mutane suna zaune a gida da waya a hannu, sai shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So suka samu ɗimbin masu kallo, masu shirya fina-finai da yawa kuma suka koma YouTube gaba ɗaya.

Masu goyon bayan shirye-shiryen laifi suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da ita. Sun ce shekara da shekaru ana zargin Kannywood da cewa ba ta san komai ba sai soyayya da rawa da waƙa irin ta Indiya, to yanzu da ta juyo ta dubi unguwanninmu, me ya sa za a ce ta yi laifi? Abin da ake nunawa ba ƙirƙira ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Nijeriya, a rahotonsa na 2018, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a ƙasar cikin shekara guda, kuma a wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ƙwacen waya ya kai matsayin da a 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Masu wannan ra'ayi suna cewa uwa da dama ba ta san alamomin da ake gane yaron da ya fara shaye-shaye ba, kamar yawan barci da rana da sauya abokai da ɓacewar ƙananan kaya a ɗaki, sai da ta gani a fim. Suna kuma yaba yadda ake fallasa ɗan siyasar da yake raba wa 'yan jagaliya kuɗi da ƙwaya lokacin zaɓe alhali nasa 'ya'yan suna karatu a ƙasar waje.

Masu suka kuwa, waɗanda yawancinsu iyaye ne da malaman makarantun boko da na Islamiyya, ba su musanta cewa matsalar tana nan ba. Abin da suke kuka da shi shi ne abin da suke gani a ƙofar gida washegari. Yara suna kwaikwayon tafiyar ɗan daban cikin fim, suna ɗaukar sararsa da salon maganarsa, suna raɗa wa junansu sunayen da suka ji, suna riƙe kara kamar wuƙa a wasan yamma. Ƙarfin irin wannan fitowa ba ya ɓoyuwa, domin jarumi Daddy Hikima, wanda ya fito a matsayin Abale a shirin A Duniya na Tijjani Asase, har yau da wannan suna aka fi saninsa a gari. Wannan shaida ce ta ƙwarewarsa a sana'arsa, amma kuma shaida ce cewa ɗan daban ne ya fi zama a zukatan masu kallo fiye da duk mutanen kirkin da suke cikin labarin.

A nan ne nake ganin ainihin saɓanin yake, kuma ban cika jin ana faɗinsa ba. Masu shiryawa sukan kare kansu da cewa a jira ƙarshen labari, za a ga yadda mugu zai wulaƙanta. Wannan hujja ta yi aiki a zamanin faifan CD, lokacin da laifi da hukuncinsa suke zuwa a zama ɗaya. A shiri mai dogon zango kuwa, ɗan daba yana iya shafe wata shida yana cin karensa babu babbaka, ana tsoronsa, yaransa suna yi masa kirari, kiɗa mai tsuma jiki yana tashi duk lokacin da ya shigo, sannan a zo a kama shi a fitowa ɗaya ta ƙarshen zango, idan ma ba a ɗage kamun zuwa zango na gaba ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya kalli izza fiye da mako ashirin, ya kalli nadama na minti goma. Ga kuma wani abin da ya ƙara dagula lissafin: da yawa daga cikin yaran ba sa kallon shirin gaba ɗaya, sai gutsuren da aka yanko aka ɗora a TikTok da Facebook, kuma babu mai yanko wurin da ɗan daba yake kuka a gidan gyaran hali, sai wurin da yake cika baki.

Dalilin wannan jan labari yana cikin yadda kuɗi yake shigowa. Mai shiri a YouTube yana samun kuɗi ne gwargwadon yawan kallo da tallan da aka saka, ga kuma tallan 'yan kasuwa da masu maganin gargajiya da yake cusawa a tsakiyar shirin. Shi ma yana bibiyar abin da masu kallo suke faɗi, kuma tun da sau da yawa ana ci gaba da ɗaukar shirin yayin da ake haska shi, duk wanda jama'a suka fi so a labarin shi ake ƙara wa fitowa. Idan mugun ne yake jawo kallo, kashe shi ko ɗaure shi kamar mutum ya rufe shagonsa ne ranar kasuwa. Saboda haka mai kallon da yake zagin shirin a majalisa amma ba ya barin fitowa ɗaya ta wuce shi, da hannunsa a cikin tsawaita ran mugun.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta shiga maganar fiye da sau ɗaya. A 2021, ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da suke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da hana nuna daba da daudu. A watan Mayun 2025 kuma ta dakatar da shirye-shirye 22, cikinsu har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kawo an tace ba. Kowane lokaci ra'ayin masu kallo yakan rabu. Iyaye da yawa sun yi maraba, amma wasu sun yi tambayar da ta cancanci amsa, wato idan an hana ɗan Kano ba da labarin daba, wa zai hana fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa, masu cike da sara da harbi, waɗanda ake tura wa yaro a waya da kuɗi kaɗan? Waɗannan babu ko dattijon unguwa ɗaya a cikinsu da zai tsawatar.

Akwai rukuni na uku da ba su damu da batun tarbiyya kamar yadda suka damu da ingancin aiki ba, kuma a cikinsu akwai lauyoyi da ɗaliban shari'a da ma'aikatan asibiti. Suna ƙorafin cewa a shirye-shirye da yawa ɗan sanda ne mai kamawa, shi ne mai bincike, shi ne alƙali, wanda ake zargi kuma ya yi makonni a caji ofis ba a kai shi kotu ba, kamar hakan ne doka. Alhali sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu ko wani lokacin da kotu ta ga ya dace. Mutumin da bai taɓa karanta kundin ba, daga fim yake koyon haƙƙinsa, kuma idan an nuna masa ba daidai ba, da wannan kuskuren zai je ranar da aka kama ɗansa.

Mata masu kallo, waɗanda su ne ƙashin bayan shirye-shiryen rikicin iyali, suna da nasu ƙorafin. Sun gaji da ganin cewa duk laifin da mace za ta aikata a fim daga kishi yake tasowa, ko dai ta tafi wurin boka, ko ta zuba wa kishiya guba, ko ta azabtar da ɗan miji, kamar ba a taɓa yin gidan da mata biyu suka zauna lafiya ba. Kuma daga bakinsu na fi jin wata magana da na yarda da ita ƙwarai, cewa kyamara tana bin wanda ya yi sara, ba ta tsayawa wurin wanda aka sara. Ana nuna an caka wa matashi wuƙa saboda waya, ya faɗi, daga nan labari ya bi ɓarawon zuwa maɓoyarsa. Ba a cika nuna mahaifiyar yaron tana zaune a barandar Asibitin Murtala tana jiran a samu wanda zai ba da jini ba, ko mahaifinsa yana neman rancen kuɗin aiki, ko ƙannensa da aka cire daga makaranta saboda shi ne mai biyan kuɗin. Matan da suke wannan magana sun ce da za a ba wannan uwa fitowa uku cur, kamar yadda ake ba shugaban daba, da sun zaunar da 'ya'yansu maza a gabansu sun kalla tare.