Kwana 30: wanda ya cika a rana ta 31, hatsarin mota ne ya kashe shi ko a'a?

[Titi da daddare, fitilun motoci na wucewa]

Akwai wata magana da ke ta yawo a wayoyi kwanan nan. Wai idan mota ta buge mutum, ya kwanta asibiti har ya haura kwana 30 sannan ya cika, to a hukumance ba hatsari ne ya kashe shi ba. Wasu ma sun ƙara mata gishiri, wai direban ya sha ke nan, ba kotu ba diyya. Shi kwana 30 ɗin yana nan a rubuce, ba wanda ya ƙirƙire shi. Sai dai an ɗauko shi daga littafin masu ƙidaya an kai shi ɗakin likitan binciken gawa, inda ba shi da kujera.

Bari mu fara da ma'anar, a gurguje. A wurin Hukumar Lafiya ta Duniya, raunin hatsarin hanya shi ne duk raunin da aka samu, ya yi kisa ko bai yi ba, a wani karo da ya faru kan hanyar da jama'a ke bi, wanda a cikinsa akwai aƙalla abin hawa ɗaya mai motsi. Keke ma abin hawa ne. Wanda ya yi tuntuɓe da kansa a bakin titi ya karye, ba ya ciki. Wanda mota ta take a cikin gareji, ko tarakta a gona, hatsarin abin hawa ne amma ba na hanya ba, kuma kundin rarraba cututtuka na duniya, ICD-10, ya ware masa nasa gurbin a cikin lambobin V01 zuwa V89. Da irin wannan ma'auni aka fitar da alƙaluman rahoton hukumar na 2023: mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29.

[Zanen mutum a gaban mota, a hankali]

Shi likitan shari'a, wato mai binciken gawa, jiki yake karantawa. Ku dubi zanen nan. Bamba ta bugi ƙafa, ɗaya. Mutum ya faɗa kan bonet ko gilashin gaba, biyu. Ya sauka a kwalta, uku. Kowanne da irin tabonsa. Likita zai ɗauko ma'auni ya auna daga diddige zuwa inda ƙwauri ya karye, a gwada da tsayin bambar motar da ake zargi. In karayar ta yi ƙasa da yadda ake tsammani, mai yiwuwa direba ya taka birki, hancin mota ya sunkuya. Wani lokaci ƙashin kan ɓalle da siffar alwatika, tsininta na nuna inda ƙarfin bugun ya nufa. Sunan wani likita Bajamushe, Otto Messerer, wanda ya bayyana ta a ƙarni na 19, aka laƙa wa wannan karayar.

A cikin mota kuwa, shatin bel a ƙirji ya kan tona wanda ke tuƙi, don na direba da na fasinjan gaba saɓanin juna suke gicciyewa. Sau nawa aka ce ai mamacin ne ke riƙe da sitiyari, shatin bel ya ce sam.

Wannan duk labarin wata rana ne. Mu koma kan kalanda.

[Kalanda, ana yage ranaku]

Masu ƙidaya suna bukatar ranar rufe littafi. Ɗan sandan da ya rubuta rahoton hatsari ba zai yi ta bin majinyaci asibiti-asibiti har shekara ba. Kuma in kowace ƙasa ta ɗauki nata wa'adin, ba yadda za a kwatanta su. Faransa, har zuwa 2004, kwana 6 take ƙirgawa. Wanda ya cika a rana ta 7 ba ya shiga lissafinta na mutuwar hanya, ko da yake hakan bai tashe shi daga kabari ba. Dole sai an ninka adadinta da wani ɗan ma'auni kafin a jera ta da maƙwabtanta. Shi ya sa aka tsaya a kan magana ɗaya: wanda ya mutu nan take, ko cikin kwana 30 sakamakon hatsarin. An zaɓi 30 ne saboda mafi yawan waɗanda za su mutu, a wurin suke cikawa ko a kwanakin farko, waɗanda suka rage bayan wata ɗaya kaɗan ne. Kaɗan a tebur ɗin ƙidaya. A wurin iyalansu kuwa ba kaɗan ba ne.

Likitan binciken gawa ba kwana yake ƙirgawa ba, sarƙa yake bi. Tambayarsa ita ce: in ba don wannan hatsarin ba, da mutumin nan zai mutu a wannan lokacin, ta wannan hanyar?

Ga misali, ku riƙe shi da kyau.

[Takardar shaidar mutuwa, kyamara na matsowa]

Mutum na tsallaka titi, mota ta buge shi, cinya ta karye. An yi aiki, an kwantar da shi. Mako shida bai taka ƙasa ba. Jinin da ba ya gudu yadda ya kamata a jijiyoyin ƙafa sai ya daskare. Rana ta 45, yana hira da 'yan dubiya, ana ma maganar sallama, gudan jinin ya ɓalle, ya bi ta zuciya ya toshe babbar jijiyar huhu. Cikin mintoci ya cika.

Me ya kashe shi? Ku dubi sashen farko na takardar, layi huɗu ne a jere. Na sama: gudan jini ya toshe jijiyar huhu. Na ƙasa da shi, wato abin da ya jawo wancan: daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Na uku: karayar cinya da doguwar kwanciya. Na can ƙasa: mai tafiya a ƙafa da mota ta buge. Daga ƙasa ake karanta wannan takarda zuwa sama. Layin ƙarshe shi ne tushen mutuwar, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa a mutuwar rauni, tushen shi ne yanayin hatsarin da ya haifar da raunin. Gefen kowane layi akwai gurbin da ake rubuta tsawon lokaci: mintoci, kwanaki, kwana 45. Gurbin bai ce a tsaya a 30 ba.

Saboda haka mutum ɗaya, littafi biyu. A ƙidayar 'yan sanda an sa shi cikin waɗanda suka ji mummunan rauni. A takardar likita, hatsarin mota ne ajalinsa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, tambayar da aka yi wa kowanne daban ce.

Kuma gudan jini ɗaya ne cikin hanyoyi da yawa. Akwai kitsen ɓargo da ke shiga jini bayan karayar dogon ƙashi. Akwai ciwon huhu a jikin wanda ya daɗe kan na'urar numfashi. Akwai gyambon kwanciya da ke ruɓewa ya ba jini guba a jikin wanda lakarsa ta tsinke, wani sai bayan shekaru. Akwai jinin da ke tsiyaya a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kan tsoho, ya yi makonni lafiya lau sannan ya fara ruɗewa.

Sarƙar takan tsinke kuma. Ya warke, ya koma aikinsa, bayan shekara biyu sankara ta ɗauke shi: babu ruwan mota. Inda ake kai ruwa rana shi ne tsakiya, dattijo mai ciwon zuciya tun da can, ya karye, ya cika bayan wata biyu. Nan ne za ku ga likitoci biyu a kotu, kowa da hujjarsa, kuma nan ne fiɗar gawa da fayil ɗin asibiti ke raba gardama.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne takardar da za ka buɗe ka tarar an rubuta "tsayawar zuciya" kawai, an sa hannu. To wa ya taɓa mutuwa zuciyarsa na bugawa? Irin wannan rubutu shi ke ɓatar da hatsarin gaba ɗaya, a ƙidaya da kuma gaban alƙali.

[Mota a tsaye jikin shinge, ɗan lotsewa kaɗan]

Yanzu ku juya maganar. Ga wanda ya mutu a cikin mota, a kan titi, a daƙiƙar farko, amma ba hatsari ne ya kashe shi ba. Motar ta zame a hankali, ba shatin birki, raunin jikinsa bai kai na kisa ba. Aka buɗe ƙirji, aka tarar jijiyar zuciya a toshe. Mutuwar ce ta jawo karon. Haka gawar da aka yar a titi don mota ta bi ta kanta a ɓoye kisa: raunin da aka yi wa mai rai yana zubar da jini cikin nama ya kumbura, na bayan mutuwa ba ya yin haka sosai, kuma likita ya san bambancin.

Batun kotu kuwa, kowace ƙasa da dokarta, lauya za a tambaya. Amma ko tsohuwar ƙa'idar Ingila, wadda ta ce in mutum ya wuce shekara da kwana ɗaya ba za a tuhumi kowa da kisansa ba, an soke ta a 1996, don na'urorin asibiti sun fara riƙe rai fiye da haka.

[Komawa kan takardar, yatsa na nuna layin ƙasa]

In takarda irin wannan ta zo hannunku, nan za ku fara dubawa, layin ƙasa. In ba a ambaci hatsarin ba, ku nemi likitan da ya sa hannu, da hoton ƙashi da katin asibiti na ranar farko a hannunku.