Kwanan watan yau a jadawalin kwamfuta: lacca daga faifai

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu nake so mu duba kan yadda ake aiki da kwanan watan ranar da ake ciki a jadawalin kwamfuta, ko Excel kake amfani da shi, ko Google Sheets, ko LibreOffice Calc.

Na farko ba shi da wuya. Ka danna akwati, ka sa alamar daidai, ka rubuta TODAY, ka buɗe baka ka rufe, wato =TODAY(), ka buga Enter. Kwanan watan yau zai fito. Ba a sa komai a cikin bakan. In kana son har da ƙarfe nawa, sai ka rubuta =NOW(). Excel daga agogon kwamfutarka yake ɗaukowa, saboda haka in agogon ya ɓata, shi ma ya ɓata. Google Sheets kuwa yana bin yankin lokacin da aka saita wa fayil ɗin.

Na biyu, jama'a, nan nake so ku ba ni hankalinku, domin wannan ne abin da ya fi burge ni a duk wannan fanni. Kwanan wata a jadawali lamba ce. Lamba ce kawai! Abin da kake gani da rana da wata da shekara riga ce aka sa mata. Masu kwamfuta a gabansu, ku zaɓi akwatin nan, ku mayar da tsarinsa zuwa General, wato tsarin da ke nuna lamba tsirararta. Me kuka gani? Dubu arba'in da wani abu, ko? Yawwa. Excel yana ƙirga kwanaki ne daga 1 ga Janairu 1900, ita ce lamba 1. Washegari 2. Haka ake ta tafiya, har 1 ga Janairu 2000 ta zama 36526, 1 ga Janairu 2024 ta zama 45292. Lokaci kuma ɓangaren kwana ne: 0.5 shi ne sha biyun rana, 0.25 shida na safe.

To me ya sa na damu da wannan? Saboda duk abin da za ka yi wa lamba, za ka iya yi wa kwanan wata. Kana son sanin ranar da kwana 30 za su cika daga yau? =TODAY()+30. Wa'adin biyan bashi yana akwatin B2, kana son sanin saura kwana nawa? =B2-TODAY(). Babu ƙirgen yatsu, babu tunanin wane wata ne mai 30 wane ne mai 31. Lamba ce, na sake faɗa, lamba ce.

Bari in ba ku wani labari, ko da zai ci mana lokaci. Ku rubuta 60 a akwati, ku mayar da shi tsarin kwanan wata. Excel zai nuna muku 29 ga Fabrairu 1900. Wannan rana ba a taɓa yin ta a duniya ba! (dariya) A ƙa'idar kalandar Miladiyya, shekarar da ta ƙare da sifili biyu ba ta samun ƙarin kwana a Fabrairu sai in 400 ta raba ta daidai. 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba. Asalin kuskuren daga Lotus 1-2-3 ne, manhajar da ta fito a 1983 ta mamaye ofisoshi. Da Microsoft suka zo da tasu manhajar, wato Excel, sai suka bar ranar da gangan, don fayilolin mutane su ci gaba da ba da lissafi iri ɗaya. Ni a ganina sun yi daidai, domin gyaran zai karkatar da kwanakin da jama'a suka riga suka adana da kwana ɗaya. Google Sheets ya bi wata dabara, yana ƙirgawa daga 30 ga Disamba 1899, shi ya sa lambobinsa da na Excel suke haɗuwa daga 1 ga Maris 1900 zuwa yau. Akwai ma tsarin 1904, mai fara ƙirga daga shekarar 1904, da tsofaffin Excel na Mac suke bi. Tazararsa da tsarin 1900 kwana 1462 ce, don haka in ka kwafo kwanan wata daga wani fayil ka ga ya yi tsalle da shekara huɗu da kwana ɗaya, ka san inda matsalar take.

Kai, lokaci ya tafi. Na uku, da sauri: a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, saboda haka 03/04 na iya zama 4 ga Maris ko 3 ga Afrilu, ku duba saitin kwamfutarku. In kuma kwanan wata ya manne a gefen hagu na akwati, galibi rubutu ne ba lamba ba, lissafi ba zai yi aiki a kansa ba. Na biyar... a'a, na huɗu ke nan, shekarun haihuwa, akwai DATEDIF, fomular da ke lissafa tazara tsakanin ranaku biyu... Na'am, Malama, na ga hannunki.

(Wata daga cikin mahalarta ta ce tana rubuta ranar da kaya suka shigo, ta sa TODAY a kowane layi, washegari sai ta ga duka sun koma kwanan wata ɗaya.)

Allah ya saka miki da alheri, Malama, wannan tambayar ta fi na huɗun nawa muhimmanci. TODAY ba hatimi ba ne. Duk lokacin da aka buɗe fayil ko aka sake lissafi, sai ya sake tambayar agogo. Amfaninsa ke nan wajen ƙirga saura kwana nawa, amma a rijista ɓarna yake yi, kuma ba ya yin ƙara, sai dai a wayi gari tarihin ya goge. Abin da kike buƙata kwanan wata ne mai tsayawa. Ki danne Ctrl, ki haɗa da waƙafi mai ruwa, zai rubuta miki ranar yau kuma ba za ta sake motsi ba. In kin ƙara da Shift, lokaci zai rubuta. Wanda kuma ya riga ya sa TODAY yau, to tun kafin gari ya waye ya kwafe akwatunan, ya manna su ta Paste Special, ya zaɓi Values, wato a manna kwanan watan kawai ba tare da fomular ba.

Kwanakin da suka riga suka sauya fa? Fomular ba ta ajiye su ko'ina ba. In kina da takardar da kika buga a lokacin, ko rasitan kayan, daga nan za ki dawo da su, ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kin zo da fayil ɗin? To kawo kwamfutar nan gaba, mu gyara layin yau tare kowa ya gani.