Wannan "na yarda" da muke dannawa a waya

Habu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba sai na yi dogon bayani ba, tun ranar Alhamis da muka dawo daga kasuwar Maigatari ba a zancen komai a majalisa sai saƙon nan na tozarci da manhajar bashi ta tura wa mutane.

Nura: Har wayar Inna sai da ya faɗo, Yaya Habu.

Habu: Ka ji ko. Bawan Allah ya ranci dubu 15 a manhajar bashi zai sayi taki, wa'adi ya wuce da kwana uku kacal, kawai sai ga hotonsa a wayar surukinsa da ta liman da ta kowa wai ɓarawo ne a guje shi. Wallahi abin ya tsaya min a rai, mutumin nan ko masallaci ya daina fitowa.

Ummi: Amma Yaya ai mutane cewa suke shi ya jawo, tunda ya danna ya yarda.

Habu: To nan nake so a tsaya. Rubutun nan mai tsawo da Turanci da suke sakawa, wai ba ruwanmu da duk abin da ya biyo baya, bai fi ƙarfin doka ba. Akwai dokar kare bayanan mutane da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa hukumar NDPC mai kula da kare bayanan mutane, kuma ta ce sai an faɗa maka me za a ɗauka, don me, wa za a ba, kuma kada a ɗebi abin da ya wuce buƙata. Sannan ki bar ma shi mai bashin, surukinsa fa? Shi yaushe ya danna wani abu? Lambarsa ce aka kwasa yana gona bai san hawa ba bai san sauka ba. Google ma tun 2023 ya hana manhajojin bashi shiga lambobin waya da hotuna, shi ya sa yanzu wasu sai su turo maka link ta WhatsApp su ce ka sauke ta nan, in ka ga haka ka gudu.

Nura: Ni abin da ya ɗaure min kai, ya aka yi suka gane surukinsa ne?

Ummi: Ai "Baba Suruki" ya rubuta!

Habu: Mu fa a nan ba mai ajiye suna tsurarsa. Sani Mai Taki, Sani Bakanike, Sani Kar A Ɗaga.

Nura: Wani da ya kawo caji shagonka na ga an kira shi, sunan ya fito "Mai Bina 1".

Ummi: Akwai na biyu kenan.

Habu: Har na huɗu akwai! Da "Uwargida Sabon Layi", da "Direban Gujungu Mai Tsada".

Ummi: Ni a wayar Nura me aka sa min?

Nura: Ummi Surutu.

Ummi: Allah ya isa, zan gaya wa Inna. Kai ma Nura Kwamfuta ne a tawa, tun da ka ce kana haɗa manhajar adashi har yau ba mu gani ba.

Nura: Tana nan tafe. Dama ita nake son tambaya Yaya, shafin sirrin nan da ke faɗin abin da manhaja ke yi da bayanan mutane, ba zan iya kwafo na wata manhajar Amurka in canza suna ba?

Habu: Kar ka soma. In ka kwafo ka yi alƙawarin abin da ba ka yi, ko ka ɓoye abin da kake yi, kai ka ɗaure kanka. Zauna ka rubuta naka, suna da lambar waya da kuɗin zubi nake ajiyewa, ga inda suke, ga yadda mace za ta ce a goge nata a goge. Kuma ka rubuta da Hausa, har ka sa murya don matan da ba sa karatun boko, tunda su ne masu adashin. In yarinya ba ta kai 18 ba sai da yardar iyaye. In aka yi maka kutse bayanai suka fita kana da awa 72 ka sanar da hukuma. Tara kuma ga ƙaramin mai harka tana kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, wanda ya fi yawa, manya kuma miliyan 10.

Nura: Miliyan 2? Ko babur ɗina bai kai ba.

Habu: Meta guda, masu Facebook da WhatsApp, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci su tarar dala miliyan 220 a 2024 kan irin wannan, balle kai.

Ummi: To shi mai bashin takin nan yanzu ina zai kai ƙara? Da ita muka ce za mu rufe.

Habu: Ya ɗauki hoton saƙonnin duka kar ya goge ko ɗaya, ya biya bashinsa don bashi dai bashi ne, sannan ƙorafi NDPC da FCCPC duk suna karɓa ta intanet, yadda ake cikewa kuma... kai an kira magariba, Nura kashe, sai wani satin.